Ripley ta jihar Ohio: ƙauyen bakin kogi da mutanen da suka fito da sunansa

Tambaya: Malam, ina karanta tarihin bauta a Amurka sai na yi ta cin karo da sunan wani ƙauye wai shi Ripley a jihar Ohio. Da na duba taswira sai na ga ɗan mitsitsin wuri ne. Me ya sa ya yi tambari haka, su wane ne fitattun mutanensa, kuma da gaske ne wani fasto shi kaɗai da fitilarsa ya kuɓutar da bayi 2,000?

Amsa: Faston dai an yi shi, sunansa John Rankin, fitilar ma gaskiya ce. Adadin 2,000 kuwa ƙiyasi ne, maganar cewa shi kaɗai ya yi aikin kuma ba ta da tushe. Abin da ya ɗaga Ripley shi ne inda aka kafa ta, da dokar da ta raba gaɓar kogi biyu, da kuma jama'a masu yawa, farare da baƙaƙe, waɗanda kowa ya riƙe nasa ɓangaren aikin.

A dokar Ohio, duk garin da ke da hukumar kansa amma mutanensa ba su kai 5,000 ba, ƙauye ake kiran sa, ko da yana da banki da kwalta da gidajen bulo masu bene. Magajin gari da kansiloli shida ke tafiyar da irin wannan wuri. Ripley tana gundumar Brown, a gaɓar arewa ta kogin Ohio, kimanin kilomita 80 kudu maso gabas da birnin Cincinnati. Ƙidayar 2010 ta sami mutum 1,750 a cikinta, ta 2020 kuma 1,591. In ka tsaya a titin Front, wanda ke bin bakin ruwa, tsallaken da kake hange gundumar Mason ce ta jihar Kentucky.

Ƙasar wajen ta 'yan asalin nahiyar ce, musamman ƙabilar Shawnee, har zuwa yarjejeniyar Greenville ta 1795 da aka ƙulla bayan an ci su da yaƙi. Jihar Virginia kuwa tun 1784 ta keɓe wa kanta yankin da ke tsakanin kogin Scioto da na Little Miami domin ta biya tsofaffin sojojinta na yaƙin neman 'yanci da filaye a madadin kuɗi. Kanar James Poage, ɗan Virginia, ya zo a 1804 da takardar fili mai eka 1,000. A 1812 ya yanka filayen gari ya sa masa suna Staunton, sunan garinsu na can gida. A 1816 aka sauya sunan zuwa Ripley don girmama Janar Eleazer Wheelock Ripley, wani hafsa a yaƙin 1812 da Birtaniya.

Su waye suka biyo Poage ya fi ranar kafuwar muhimmanci. Da yawansu 'yan kudu ne, mabiya ɗarikar Presbyterian, waɗanda suka bar Virginia da Carolina da Kentucky saboda sun ƙosa da zama cikin bauta. Fasto James Gilliland, wanda shugabannin cocinsa a Carolina ta Kudu suka hana shi wa'azi a kan 'yanta bayi, ya zo Red Oak, 'yan kilomita arewa da Ripley, a 1805. Dakta Alexander Campbell, likita, wanda ya wakilci Ohio a majalisar dattawan Amurka daga 1809 zuwa 1813, ya 'yanta bayin da ya gada, ya zauna Ripley har rasuwarsa a 1857. A 1819 kuma aka kawo ɗaruruwan mutanen da wasiyyar wani attajiri, Samuel Gist, ta 'yanta daga gonakinsa na Virginia, aka zaunar da su a wasu filaye marasa albarka cikin wannan gunduma. Wato kafin Rankin ya sa ƙafa a garin, akwai gidajen farare da ke buɗe ƙofa da dare, akwai kuma unguwannin baƙaƙe da baƙo zai shiga ya saje.

Yanzu ga batun kogin. Dokar 1787 ta haramta bauta a yankin arewa da kogin Ohio, jihar kuma ta shigo tarayya a 1803 a kan haka. Kentucky kuwa a 1860 tana da bayi sama da 225,000. Sai dai kar ka ɗauka wanda ya taka gaɓar Ohio ya zama ɗa ke nan. Na farko, ruwan kansa na Kentucky ne har zuwa inda yake tsayawa a gaɓar arewa lokacin janyewarsa, don haka wanda aka kama a tsakiyar kogi a ƙasar bauta aka kama shi. Na biyu, dokar tarayya ta 1793 ta ba ubangijin bawa damar ƙetarowa ya kama shi, ta kuma ɗora tarar dala 500 a kan wanda ya ɓoye shi. Na uku, ita kanta Ohio tana da dokokin 1804 da 1807 da suka wajabta wa baƙin mutum ya nuna takardar 'yanci, ya kuma kawo masu tsaya masa a kan dala 500 kafin ya zauna. Saboda haka Ripley zango ce kawai. Inda ake nufa shi ne Kanada, wadda dokar Birtaniya ta kawar da bauta a cikinta daga 1 ga Agusta 1834.

Abin da ke sa mutum ya yanke shawarar gudu galibi jin ƙishin-ƙishin za a sayar da shi ne. An hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, gonakin auduga da rake na can kudu kuma suna neman hannu, sai Kentucky ta zama kasuwar da ake saye a tura Natchez da New Orleans. Mutuwar ubangida, rabon gado, ko bashi, su ne ke kawo dillali ƙofar gida. Wani ɗakin katako da wani dillali ke tsare mutane a ciki a gundumar Mason yana nan har yau, an kwance shi an sake haɗawa a cikin gidan tarihin 'yanci na Cincinnati da aka buɗe a 2004.

John Rankin an haife shi a 1793 a gabashin Tennessee. Ya yi 'yan shekaru yana limancin coci a Carlisle ta Kentucky, ya ga wa'azinsa ba zai dore a can ba, ya ƙetaro da iyalinsa a farkon 1822. Da ya ji ɗan'uwansa Thomas ya sayi bayi a Virginia, sai ya rubuta masa jerin wasiƙu, jaridar garin mai suna Castigator ta riƙa buga su a 1824, aka tara su littafi a 1826. William Lloyd Garrison, wanda daga baya ya zama muryar masu neman kawar da bauta, ya sake buga su a jaridarsa a 1832, ya kuma ce su ne suka jawo shi cikin gwagwarmayar. A ganina wannan rubutu ya fi fitilar tasiri a ƙasa baki ɗaya, amma fitila ta fi daɗin ba da labari.

Da farko a titin Front ya zauna, inda maƙwabta da mafarautan bayi ke ganin duk mai shiga da fita. Wajen 1829 ya koma wani ƙaramin gidan bulo a kan tudun da ke bayan gari, kimanin mita 90 sama da kogi. Dabara ce ta tsaro tsantsa. Daga can ana ganin kogi da tituna, mai hawowa sai an hango shi tun daga ƙasa, bayan gidan kuma gona ce da daji da ke fita zuwa hanyar arewa ba tare da an ratsa gari ba. Fitilar da ake ajiyewa a taga ko a rataye a sanda ana ganin ta daga Kentucky. An kuma kafa matakalar katako a jikin tudun.

Ga yadda dare ɗaya yake tafiya. Mutum ya iso gaɓar Kentucky, yawanci daren Asabar, domin ba aiki ranar Lahadi kuma sanarwar cigiya ba za ta fito a jarida ba sai an shiga mako, ko kuma cikin hutun Kirsimeti da ake sassauta zirga-zirga. Sai neman abin fito: kwale-kwalen da aka ɗaure a bakin ruwa, gungume, iyo lokacin da ruwa ya janye a ƙarshen zafi, ko tafiya a kan ƙanƙara in sanyi ya daskarar da kogin. Masu kwale-kwale sun san da haka, shi ya sa suke sa sarƙa da kwaɗo, su kuma kwashe filafilai su kai gida. In ya ƙetaro, ko ya hau tudun Rankin ko ya faɗa ɗaya daga gidajen titin Front, irin na Thomas Collins kafinta ko na Thomas McCague attajirin naman alade. A ba shi abinci da busassun tufafi, sannan a fitar da shi a daren nan, ba a bari gari ya waye masa a Ripley in da hali. 'Ya'yan Rankin, su 13, tara maza, su ne ke ɗaukar mutane a kan dawaki zuwa Red Oak, daga can a miƙa su Russellville ko Decatur ko Sardinia, zango-zango har tafkin Erie ko Detroit. Kowane zango tazarar da doki zai je ya dawo kafin asuba ce, don kada maƙwabci ya ga dokin gida ya kwana waje. Wannan tsari ne ake kira hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, alhali ba jirgi ba rami.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Farin wata na tona mai kwale-kwale. Jariri na kuka. Ayari in ya yi yawa ba ya shiga jirgi ɗaya, wanda aka bari a gaɓa kuma shi ake kamawa a matsa masa ya faɗi sauran. Ƙanƙarar da ta fara narkewa tana karyewa. A gaɓar Ohio kanta akwai masu kwana suna sintiri don kuɗin lada, domin ba duk mutanen Ripley ne ke goyon bayan Rankin ba. Mafi muni shi ne ɗan leƙen asiri da ke zuwa a siffar mai neman taimako. Irin wannan shaida ce ta kai ga kama Fasto John Mahan na Sardinia a 1838. Gwamnan Ohio, Joseph Vance, ya sa hannu aka miƙa shi ga Kentucky, ya yi makonni a kurkuku cikin mari. Kotu ta sallame shi saboda ba a nuna ya shiga Kentucky ya aikata laifin ba, amma ƙarar diyya ta cinye dukiyarsa, ya rasu a 1844. Vance ma ya faɗi zaɓe a shekarar kamun. Darasin da mutanen gundumar suka ɗauka shi ne: ka karɓi wanda ya iso, kada ka ƙetara ka ɗauko. A kan wannan ƙa'ida gidan Rankin ya tsaya. Duk da haka an sa ladan da ya kai dala 3,000 a kansa, kuma a 1841 wasu suka zo da dare za su ƙone rumbunsa, samarin gidan suka kore su da harbi.

To wa ke yin ɓangaren ƙetarawar, wanda shi ne mai kai mutum ga igiya ko ɗaurin shekaru? Galibi baƙaƙe ne, wasunsu ma suna cikin bauta. Arnold Gragston bawa ne a gundumar Mason. A hirar da ma'aikatan gwamnatin tarayya suka yi da shi a shekarun 1930, yana tsoho, ya ce ya yi kimanin shekara huɗu yana fitar da mutane zuwa Ripley a dararen da ba wata, ya koma gonar ubangidansa kafin gari ya waye, yawancinsu bai taɓa ganin fuskarsu ba. Sai a 1863, da aka kusa gano shi, ya ƙetare bai dawo ba.

Sai kuma John Parker, wanda in za a ba mutum ɗaya kambin jarumtar Ripley, shi ya kamata a ba. An haife shi a Norfolk ta Virginia a 1827, uwa baiwa, uba farar fata. Yana ɗan shekara takwas aka sayar da shi, aka kora shi a ƙasa cikin ayarin sarƙa har Alabama, wani likita a Mobile ya saye shi. 'Ya'yan likitan suka koya masa karatu a ɓoye, ya kuma koyi zubin ƙarfe. Da ya ga za a sayar da shi gona, ya roƙi wata gwauruwa cikin masu zuwa wurin likitan ta saye shi a kan dala 1,800, shi kuma ya riƙa biyan ta daga abin da yake samu a maƙera har ya fanshi kansa a 1845. Wanda ya san yadda murgu da fansar kai suka kasance a ƙasar Hausa zai gane tsarin nan take. Ya auri Miranda Boulden ta Cincinnati a 1848, suka tare a Ripley ba da daɗewa ba.

Da rana Parker maƙeri ne mai ma'aikata, farare da baƙaƙe, a masana'antarsa ta bakin kogi. Da dare yakan sa bindiga a aljihu ya tuƙa kwale-kwale ya shiga Kentucky ya fito da mutane, har aka sa ladan dala 1,000 a kansa. Labarinsa da ya fi shahara shi ne na wasu mata da miji da suka ƙi tafiya saboda ubangidansu yana kwana da jaririyarsu a ɗakinsa, da bindigogi a gefen gado, don dai ya ɗaure su. Parker ya ce ya cire takalmi ya rarrafa cikin ɗakin ya ɗauko yarinyar. Daga bakinsa aka ji wannan, a hirar da ɗan jarida Frank Gregg ya yi da shi a shekarun 1880, rubutun kuma ya kwanta a ɗakin ajiya na jami'ar Duke ba a buga shi ba sai 1996. Wannan jinkiri na sama da shekara ɗari shi ya sa tsofaffin littattafai suka cika da Rankin, Parker kuwa sai a layi ɗaya ko biyu.

Lokacin yaƙin basasar Amurka Parker ya tara wa rundunar baƙaƙe ta 27 sojoji. Bayan yaƙi ya sami takardun mallakar ƙirƙira daga gwamnati, biyu a kan injin matse ganyen taba a 1884 da 1885, ɗaya a kan na'urar farfasa hoge a gona a 1890, a zamanin da baƙaƙe masu irin wannan takarda ƙalilan ne. Gobara ta ci masana'antar a 1889, ya sake gina ta. 'Yarsa Hortense ta gama kwalejin Mount Holyoke a 1883, ita ce baƙar mace ta farko da aka sani ta yi hakan. Ya rasu a 1900.

Yanzu mu dawo kan adadi. Dokar kamo bayin da suka gudu ta 1850 ta tsananta komai: wanda aka kama ba shi da damar yin shaida don kare kansa, ba masu taya alƙali yanke hukunci, jami'in da ke sauraron ƙarar kuma dala 10 ake biyan sa in ya mayar da mutum bauta, dala 5 in ya sake shi. Mai taimako yana fuskantar tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida, ban da diyya. A irin wannan hali littafin sunaye shaida ce a kan mai shi. Parker ya ce yana da irin wannan littafi, ya jefa shi a wutar maƙerarsa. Don haka alƙaluman da ake yawo da su daga tunawar tsofaffi suka fito, yawanci abin da Wilbur Siebert na jami'ar jihar Ohio ya tattara a shekarun 1890, shi kuma 'ya'yan farare masu gidajen zango ya fi samun amsa daga gare su. Ka auna da wannan: ƙidayar 1850 ta rubuta bayi 1,011 da suka gudu ba su dawo ba a shekara guda a duk Amurka, ta 1860 kuma 803. Iyayengiji ne suka ba da waɗannan alƙaluma, kuma akwai dalilin zaton sun rage. In aka raba 2,000 a kan kusan shekara 40 da Rankin ya yi yana aikin, mutum 50 ke nan a shekara, kusan ɗaya a mako. Ba abin da zai gagara ba ne ga mashiga mai cunkoso kamar Ripley, amma ka riƙe shi a matsayin ƙiyasin duk waɗanda suka ratsa hannun iyalin da maƙwabtansu.

Akwai labarin da ya fita daga wannan gida ya zaga duniya. A hunturun 1838 wata mata ta ƙetare kogin a kan ƙanƙara mai karyewa da ɗanta a hannu, ta hau gidan Rankin. Harriet Beecher Stowe, wadda ke zaune a Cincinnati a lokacin, mahaifinta kuma yana shugabantar makarantar horar da fastoci ta Lane inda ɗan Rankin ya yi karatu, ta ji labarin, ta gina wani babi na littafinta Uncle Tom's Cabin na 1852 a kansa. Sunan Eliza da ake kiran matar da shi daga littafin ya fito.

Ulysses Grant, janar ɗin da ya ci yaƙin basasa ya kuma zama shugaban ƙasa na 18, a Georgetown ya girma, hedikwatar gundumar. Ripley ta samu rabonta ne kawai don ya yi karatun hunturun 1838 zuwa 1839 a wata makaranta a garin kafin ya tafi makarantar hafsoshi ta West Point.

Wanda ya fi dacewa mai karatu a Najeriya ya sani shi ne Charles Young. An haife shi cikin bauta a Mays Lick ta Kentucky a 1864. Shelar 'yanta bayi ta shugaba Lincoln ta 1863 ba ta shafi Kentucky ba, tun da ba ta ɓalle daga tarayya ba, bauta ta ci gaba a can har Disambar 1865. Mahaifinsa Gabriel ya ƙetare kogi ya shiga soja a farkon 1865, shigar soja kuwa tana 'yanta mutum, wata doka ta Maris na shekarar kuma ta 'yanta matan sojoji da 'ya'yansu. Bayan yaƙi iyalin suka zauna Ripley. Charles ya gama sakandaren garin a sahun gaba, ya ɗan koyar a makarantar baƙaƙe, ya shiga West Point a 1884, ya fita a 1889. Shi ne baƙi na uku da ya gama makarantar, ba a sake samun wani ba sai 1936.

Ya yi aiki da rundunonin sojan doki na baƙaƙe, ya koyar da aikin soja a jami'ar Wilberforce, a 1903 ya riƙe gandun dajin Sequoia a California, baƙi na farko da ya shugabanci gandun ƙasa. Ya zama hafsan soja a ofishin jakadancin Amurka a Haiti daga 1904, sannan a Laberiya daga 1912, ya kuma yi yaƙi a Meziko a 1916. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917, shi ne baƙin hafsa mafi girman muƙami, kuma in aka bar shi zai kai janar ya shugabanci farare. Wani ƙaramin hafsa farar fata ya yi ƙorafin aiki a ƙarƙashinsa, wani sanatan Mississippi ya kai maganar fadar shugaba Wilson. Likitocin soja suka ce yana da hawan jini, aka yi masa ritaya da muƙamin kanar. A Yunin 1918 ya hau doki daga Wilberforce zuwa Washington, kusan kilomita 800, don ya nuna lafiyarsa ƙalau. Sai kwana biyar kafin a tsagaita wuta aka mayar da shi aiki. Aka sake tura shi Laberiya, kuma a wata tafiyar aiki zuwa Najeriya ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya rasu a Legas ranar 8 ga Janairun 1922. A can aka fara binne shi, sai a 1923 aka mayar da gawarsa maƙabartar sojoji ta Arlington. An ba shi muƙamin birgediya janar a 2021.

Da me garin ya ci abinci duk tsawon wannan lokaci? Da farko naman alade da sassaƙa jiragen ruwa. A yanka cikin sanyi, a sa gishiri a ganga, a loda wa jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen ciki su bi ruwa zuwa New Orleans, a can a kwance jirgin a sayar da katakon. Wani kaso na naman nan gonakin bayi yake tafiya, shi ya sa ba kowane ɗan kasuwar Ripley ke son a ɓata wa kudu rai ba. Daga baya sai taba. A 1864, a wata gona kusa da Higginsport cikin gundumar, George Webb ya lura da wasu tsirrai masu farin ganye a cikin irin da ya shuka, daga nan aka samu nau'in farar burley. Ba a gasa ta da wuta. Ana sare itacen gaba ɗaya, a soke biyar ko shida a sanda, a rataye a rumbu mai tagogin iska na mako huɗu zuwa takwas. In laima ta yi yawa ganyen ya ruɓe a rataye, in iska ta bushe da sauri ya ƙame da kore-kore farashinsa ya faɗi, don haka aikin manomi shi ne buɗe tagogi da rufewa gwargwadon yanayi. Ana jiran ranar da ganyen ya yi laushi kafin a tsige shi a ware daraja-daraja, in ba haka ba ya farfashe a hannu. Injin Parker na danna irin wannan ganye ne cikin manyan ganguna.

Ripley ta daɗe ita ce kasuwar gwanjon burley tilo a Ohio, ana buɗe ta a ƙarshen Nuwamba. Tsarin gwamnati na ƙayyade yawan noma da tallafa wa farashi, wanda ya faro a 1938, shi ya riƙe ƙananan manoma. Da aka soke shi a 2004 kamfanoni suka koma saye kai tsaye da kwangila, rumbunan gwanjo suka mutu. Kafin nan ma babban layin dogo ya bi gaɓar Kentucky a 1888, ambaliyar Janairun 1937 kuma, wadda ta kai kusan ƙafa 80 a ma'aunin Cincinnati, ta shanye ƙasan gari. Waɗannan ne suka sa yawan jama'a ke raguwa.

In ka samu zuwa, hanya mai lamba 52 daga Cincinnati ita ke kai ka, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Gidan Rankin yana hannun jihar Ohio tun 1938, shi da gidan Parker da ke titin Front an sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1997, kuma ba a cika buɗe su cikin hunturu ba, don haka ka bincika lokaci kafin ka tashi. Akwai hasumiyar tunawa da masu yaƙi da bauta a bakin ruwa da aka kafa a 1912, kabarin Rankin, wanda ya rasu a 1886, yana maƙabartar Maplewood. Kogin da za ka gani daga kan tudu ya fi na zamanin Parker faɗi da zurfi, domin madatsar Meldahl da aka gama a 1964 a ƙasa da garin ta ɗaga ruwan ta riƙe shi cike duk shekara, tsohuwar gaɓa da yashin da ake takawa lokacin janyewar ruwa duk suna ƙarƙashinsa yanzu.